Littafin Da Kowa Ya Kira Na Waje

Tong Lanmei ta iya ɗinke littafi tun kafin ta iya karanta shi. Mahaifinta, wanda duk garin Luoba ke kira Tsoho Tong, shi ne mai gyaran littattafai na wannan yanki na duwatsun yammacin lardin Fujian, kuma da bai samu ɗa namiji ba sai ya zaunar da 'yarsa a gefen tebur ya miƙa mata basilla. A ƙasar da ruwan sama ke shafe makonni bai ɗauke ba, mai gyaran littafi ba ya rasa aiki. Wanda gara ta ci, da wanda fumfuna ta kama, da wanda ɓera ya ɗanɗana gefensa, duk shagon Tong ake kawowa. A warware zare, a shimfiɗa warƙa ɗaya bayan ɗaya, a toshe ramukan ta baya da siririyar takardar gora da gam na sitacin alkama, a danne da katako har ta bushe, sannan a sake ɗinkewa.

Gidaje uku ne suka riƙe shagon. Akwai gidan 'yan zuhudun Buda a kan tudu, akwai haikalin mabiya addinin Tao a bakin kogi, sai kuma zauren kakanni na dangin Rao, inda aka daɗe ana koya wa yara littattafan Kongzi, tsohon malamin ɗabi'a da tarbiyya. Kowane gida na da nasa littattafan, kuma yana ajiye kaɗan daga na sauran biyun, don a san abin da za a musa.

Abin da Lanmei ta fara lura da shi tana ƙarama shi ne 'yar takardar da ake mannawa a bangon littafi. 'Yan zuhudu kan rubuta "ciki" a kan nasu, domin a cewarsu su ne ke gyara zuciya. Na Kongzi da na Tao kuwa "waje" suke rubuta musu, wai iyakarsu jiki da zaman duniya. Mutanen bakin kogi su ma "ciki" suke kiran nasu, har sukan ƙara da cewa ai tsohon malaminsu ne ya yi tafiya yamma ya koyar da Buda, saboda haka littattafan kan tudu nasu ne da suka tafi yawo suka dawo da baƙon harshe. Dangin Rao sun fi kowa kaifin alƙalami. Nasu su ne miƙaƙƙiyar hanya, na sauran biyun kuma karkatattu, ko in ana son sakaya magana a ce "na wajen iyaka". Haka kakanni suka yi ta kiran juna tun zamanin daulolin da suka shuɗe, kuma a Luoba ba wanda ya ga dalilin sauyawa.

Wata rana ta tambayi mahaifinta, "Baba, to waɗanne ne na cikin na gaskiya?"

Bai ɗago daga aikinsa ba ya ce, "Tambayi gara. Ita ce ta shiga cikin dukansu."

Tsoho Tong na da wata ɗabi'a. In littafi ya zo gyara, ya ci karo da maganar da ta yi masa daɗi, sai ya kwafe ta a wani littafi nasa kafin ya mayar da na mutane. Yawanci ba ainihin nassin yake kwafa ba, bayanan da tsofaffin malaman garin suka rubuta da hannu a gefen shafi yake ɗauka. Ba ya rubuta daga gidan da maganar ta fito. Shi dai in ta kwanta masa a rai, ya jiƙa alƙalami.

A shekarar 1966, lokacin da hukuma ta haramta tsofaffin al'adu ta rufe wuraren ibada, aka tara littattafan gidajen uku a filin kasuwa aka cinna musu wuta. Ranar babu wanda ya tsaya duba takardar bango. Littafin Tong ya tsira ne saboda ba kowa ya san da shi ba, ya yi zamansa a ƙarƙashin akwatin shinkafa, naɗe cikin tsumma. Tsohon ya rasu kafin a sake buɗe wuraren ibada.

Lanmei ta yi waɗannan shekaru tana ɗinka littattafan rubutu na 'yan makaranta. Ta auri wani mai fiton kwalekwale mai suna Lu, suka haifi ɗa guda, mijin ya rasu, ɗan ya girma ya tafi birnin Xiamen neman aiki. Da al'amura suka sassauta, sai mutane suka fara zaro abin da suka ɓoye a rufin ɗaki da bayan bango, ta koma kan teburin mahaifinta. Littattafan ɗab'i an sake sayo su daga birni. Bayanan hannu na tsofaffin malamai kuwa sun tafi da hayaƙi, sai ɗan abin da Tsoho Tong ya kwafa. Na san ta a wannan lokacin. Tsohuwa ce gajeriya mai ƙarancin magana, wadda in ka miƙa mata littafi sai ta shinshina shi kafin ta buɗe.

Ta haura saba'in lokacin da hannunta ya fara rawa. Ran da basilla ta kuɓuce mata ta huda rubutu, ta rufe shago da rana tsaka, ta kira ɗanta a waya ta ce ta yarda za ta koma wurinsa. Abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Gidan ɗan na bakin teku ne, iskar gishiri kuma maƙiyiyar takarda ce, ga shi jikokinta ba sa iya karanta tsohon rubutun hannu. So take littafin mahaifinta ya zauna a Luoba, a wuri busasshe, kuma ba a raba shi ba.

Ta fara da kan tudu. Shugaban 'yan zuhudun, Renkai, abokin kamun kifin mijinta ne tun suna yara, kafin ya aske kai ya daina cin abin da ke da rai. Ya karɓi littafin da hannu biyu, ya jujjuya shafuka.

"Yaya Lanmei, aikin Baba Tong ne. Wa zai ƙi?"

"A ina za ka sa shi?"

Ya shafa ƙwaryar kansa. "To, kin ga gauraye ne. Ƙa'idarmu kuma, gauraye na waje ne."

"Kabad ɗin baranda ke nan."

"Ai kabad ne mai kyau, Yaya."

"Renkai, ni nake gyara abin da ke fitowa daga kabad ɗin nan. Bara ka aiko min da ɗaya, na buɗe na tarar da naman kaza ya tsiro a ciki."

Ta naɗe littafinta ta sauka bakin kogi. Limamin haikalin Tao, Gong Fasheng, mutum ne mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, shi ke busa ƙahon ɓauna a wurin jana'iza, in babu jana'iza kuma yana taya matarsa sayar da awara. Ya karanta shafi biyu ya buga cinya.

"In aka bi asali, Yaya, duk namu ne!"

"Madalla. Sai ka sa shi a akwatin kafur tare da naku."

Nan take muryarsa ta ragu. Akwatin an yi masa tsarki, in ji shi, abin da ba na ciki tsantsa ba ba ya shiga. Na waje kuwa ta san inda yake tara su, a saman murhun matarsa, inda hayaƙi ya mai da su launin kifin banda.

Malam Rao, tsohon malamin makaranta da ke riƙe da makullin zauren kakanni, shi ya fi daɗewa yana karatu. Ya nuna mata kantar ƙasa, can ƙarshen jeri, inda ake ajiye na wajen iyaka. Dukansu biyu sun san ruwan kogi ya taɓa lasar kantar nan. Da ya ga fuskarta, sai ya cire tabarau ya yi magana a hankali.

"Yaya, ga shawara. Ke ce mai zare. Ki warware shi, kowa ya ɗauki nasa ya sa a wuri mai daraja. Da ya ruɓe gaba ɗaya, ai gara ya rayu kashi uku."

Lanmei ta koma gida ta yi kwanaki ba ta buɗe shago ba. Daga baya ta gaya min cewa ta auna maganar ta kowace fuska ba ta ga ƙarya a cikinta ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. A ƙarshe ta aika wa su ukun su zo cin abincin rana. Ta dafa gwaza, ta yi awara cushe da nama, ta ware wa Renkai tasa da ganye kawai. Da aka kwashe kwanuka ta ajiye littafin a tsakiyar tebur, tare da tarin yankakkun takardu: rawaya ga Renkai, ja ga Gong, fari ga Malam Rao.

"Ni ba zan yanka abin da ban sani ba," ta ce. "Kowa ya saƙa takardarsa a inda yake nasa. In kun gama, zan kawo wuƙa."

Shafukan farko ba su ba da wahala ba. Inda aka ambaci sake haihuwa, rawaya ta shiga. Inda aka yi maganar tsawon rai, ja. Sai aka iso wani bayani a kan yadda ɗa zai yi jinyar tsohuwar uwarsa, ya riƙa ɗanɗana maganin kafin ya ba ta. Malam Rao ya saƙa fara ba tare da ya dubi kowa ba. Renkai ya miƙo hannu ya saƙa rawaya a kanta.

"Wannan kuma fa?" in ji Malam Rao.

"Maganar tsohon shugaban gidanmu ce. Ina yaro na ji ta daga bakinsa."

"Ku? Ku da kuke barin iyayenku a gida ku hau tudu ku aske kai? Ina kuka san jinyar uwa?"

"Tawa uwar a hannuna ta rasu, Malam. Kai lokacin kana birni wurin kwas."

Gong ya fashe da dariya har ya ƙware da shayi. Amma shafi na gaba shi ma ya ci karo da tasa. Bayani ne a kan yadda mutum zai zauna ya bi numfashinsa har zuciya ta lafa. Ja da rawaya suka isa tare, Gong ya daka wa Renkai tsawa.

"Kai, Mai ƙwal-kwabo, ɗauke hannunka! Tun kafin ku iso ƙasar nan muke numfashi."

"Kuna numfashi, Mai ƙaho, ba mu musa ba. Amma cikin ƙaho kuke hura shi, duk unguwa ta shaida."

"Ai mu muka koya wa malaminku!"

"Wannan labarin kakanninka ne suka ƙaga, kakannina suka ƙaryata, har yanzu ba ku gaji ba?"

Suka juya wurin Lanmei. "Yaya, ke raba mu. Baba Tong bai taɓa gaya miki daga ina ya ɗauko wannan ba?"

"Bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba," ta ce. Gaskiya ta faɗa. Littattafan da za a duba a tabbatar sun daɗe da zama toka.

Aikin da aka zaci za a gama kafin shayi ya huce ya ci kwanaki. Kullum bayan abincin rana sai ka ga tsofaffin uku sun nufo shagon, kowa da tabarau a aljihu. Maƙwabta suka fara leƙe ta taga. Tun ana saƙa takarda da hujja har aka koma saƙawa don kada wani ya riga. Malam Rao, wanda ya shigo yana cewa bai zaci nasu zai kai kashi ɗaya cikin uku ba, ya nemi a ƙaro masa farar takarda. Littafin ya kumbura, gefensa ya yi cirko-cirko kamar bayan bushiya, kuma shafukan da ke ɗauke da launi ɗaya tak ba su da yawa.

Wanda ya fi jan rigima wani bayani ne can kusa da ƙarshe, a kan ruwan da aka ɗebo daga kogi bayan ambaliya: mai gaggawa yana ta juya shi yana neman ya tace, mai haƙuri kuwa ya ajiye tulun ya tafi, ya dawo ya ga fuskarsa a ciki. Launuka uku suka taru a kansa, kowa ya rantse salon tsohon malaminsu ne.

Shafin da ya zo kafinsa kuma babu wanda ya taɓa. Suka karanta, suka dubi juna, a karon farko bakinsu ya zo ɗaya: wannan na waje ne. Ba nassi ba ne, ba bayani ba ne. Tsoho Tong ne da kansa yake ba da labarin shekarar da 'yarsa ta kwanta da zazzaɓi, yadda ya zauna kusa da gadonta yana toshe ramukan gara don hannunsa ya samu abin yi, da yadda ta farka da safe ta ce tana son dankali.

Lanmei ta san shafin, ta sha karanta shi ita kaɗai.

Malam Rao ya yi gyaran murya. "Yaya, wannan naki ne. Ba mai ja da ke. Ki fara da shi, ki tafi da shi Xiamen."

Ta tashi ta ɗauko wuƙar gora da ake yanka takarda da ita. Ta gaya min cewa a lokacin tana son warƙar nan fiye da yadda take son komai a shagon, kuma ta san in ta yanke ta, sauran ma za su biyo baya. Ta kwantar da littafin, ta ɗora bakin wuƙar a gindin ɗinki. Hannun yana rawa, ta tallafe shi da ɗayan.

"Tsaya!" Gong ya kama mata hannun riga. "Tsaya, Yaya. Ku duba layin ƙarshe."

Tsoho Tong mutum ne da ba ya barin fili a takarda. Inda magana ta ƙare, nan wata ke farawa. Labarin zazzaɓin ya ƙare saura layi biyu, kuma a waɗannan layuka biyun ne maganar ruwan ambaliya ta soma, sannan ta zarce zuwa shafi na gaba. In aka cire warƙar, an cire wa maganar kai.

"Ba za a yanke ba," in ji Gong.

"Ba za a yanke ba," in ji Renkai. Sannan ya ƙara, "Zan sa shi a kabad ɗin ciki. Gaba ɗayansa."

"Ba kai ka ce gauraye na waje ne ba?" Malam Rao ya tambaya.

"Na ce, kafin in karanta. Dubi yawan rawaya a jikinsa. Littafin da mafi yawansa na ciki ne, ai na ciki ne."

"Mafi yawansa? Makaho ma in ya shafa zai ce ja ta fi!" in ji Gong.

"Ku biyun ku yi haƙuri," in ji Malam Rao, "mutumin da ya zauna yana jinyar 'yarsa, ɗabi'ar wane gida ya nuna?"

"Ɗazu fa ka ce shafin na waje ne!" in ji Renkai.

Lanmei ta ajiye wuƙar. Ta zuba wa kanta shayi, ta zauna ta bar su suna yi har muryoyinsu suka dusashe. Sannan ta tuna musu abin da dukansu suke yi ba tare da sun taɓa shawartar juna ba. Ranar shida ga wata na shida, lokacin da rana ta fi zafi, kowane gida kan fito da littattafansa ya shanya su a tsakar gida. Ta ce littafin ya yi shekara ɗaya a kowane gida, a miƙa shi ranar shanya. Sharaɗinta biyu ne: ya kwana a wuri mafi bushewa da gidan ke da shi, kuma kada wani ya zare takardar wani.

Saura wa zai fara. Gong ya ce a bari ya jefa itacen duba a gaban alloli, sauran biyun suka ƙi a tare. "Kai da kake hira da su kullum, maguɗi za ku yi mana," in ji Renkai. Aka karya tsinken cin abinci aka ja ƙuri'a, ta faɗa kan Malam Rao.

Ita ta sake ɗinke shi da sabon zare kafin ta tafi. Aikin wuni guda ne a da, wannan karon ya ɗauke ta mako, amma ba ta huda rubutu ko ɗaya ba. Malam Rao ya sauke wasu littattafai daga kantar sama ya yi masa wuri. Ya ƙi rubuta "miƙaƙƙe" a bangonsa, ya ce lamirinsa bai kai nan ba. Abin da ya rubuta shi ne "baƙo", ya ce baƙo kuwa ba a saukar da shi a ƙasa.

Yanzu Gwaggo Lanmei tana zaune a Xiamen, a hawa na sama, tana kukan cewa awarar birni ba ta da ɗanɗano. Duk wata na shida ɗanta kan kawo ta Luoba. Malam Rao ya rasu kafin littafin ya sake zagayowa zauren kakanni. 'Yarsa, mai sayar da magani a kasuwa, ita ta karɓi makulli, kuma da lokaci ya yi ita ta karɓi littafin, ta koyi karanta rubutun Tsoho Tong a hankali, tana tambayar Renkai inda ta kasa.

Bana a kan tudu aka yi miƙawar, daga hannun Renkai zuwa na Gong. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, littattafai a buɗe cikin rana. Aka kawo wa Gwaggo kujera a inuwa, aka ɗora mata littafin a cinya. Ta shinshina shi, ta ɗaga warƙa biyu zuwa haske ta duba, ta buɗe can kusa da ƙarshe ta daɗe tana karatu. Sannan ta rufe ta ce, "A bushe yake."

Gong ya karɓa yana jujjuya gefen, sai ya ɗaure fuska. "Yaya, kin ga abin da Mai ƙwal-kwabo ya yi? Rawaya ta ƙaru. Bara babu ita a nan, babu ita a nan."

"Ya zare taka?"

"A'a, bai zare ba, amma..."

"To kana da shekara guda," ta ce. "Ka ƙara taka."